Rajistar Karatu a Jami'a: Lacca Domin Hakimai da Malamansu



Dalilin wannan lacca shi ne wani kuka da ake yawan kaiwa ƙofar Hakimai. Mutum ya sayar da hatsinsa, ko ya kai ɗan bijiminsa kasuwa, ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta. Yaro ya tafi jami'a, ya zauna lacca wata huɗu, ya yi jarrabawa. Ranar da sakamako ya fito sai a ce ba a san da shi a wani darasi ba, ko kuwa a rubuta masa faɗuwa a darasin da ko ƙofar ɗakinsa bai taɓa leƙawa ba. Uban sai ya ɗauki sandarsa ya zo gaban Hakimi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a rubuta masa takarda zuwa ga Magatakardan Jami'a. Hakimi kuwa uban ƙasa ne, ba ya so talakansa ya koma gida hannu rabbana, sai ya sa malami ya rubuta. Amma irin wannan takarda ba safai take gyara kome ba, gama ba ranar jarrabawa aka yi ɓarnar ba. Tun farkon zango aka yi ta, ranar rajista, cikin ɗan lokacin da bai wuce na shan fura ba, a gaban kwamfuta.

Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin watan Oktoba na 1962, ɗalibanta duka ba su kai 500 ba. Malami yana iya sanin ɗalibinsa da fuska, ya san garinsu, wani lokaci har ya san ubansa. Rajista kuwa da alƙalami ake yi. Ɗalibi ya cika fam, ya bi ofis-ofis ana sa masa hannu, akawu ya shigar cikin babban littafi. In an yi kuskure akawun yana nan, a koma masa ya soke ya gyara. Daga baya aka kafa jami'o'i a Sakkwato da Maiduguri a 1975, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, jihohi kuma suka kafa nasu. Yau babbar jami'a guda tana ɗauke da ɗalibai dubbai masu yawa, abin da ya fi ƙarfin akawu da littafinsa. Don haka aka mai da babban littafin cikin na'ura, aka buɗe masa ƙofa ta intanet, wadda ɗalibai ke kira fotal, watau shafin rajista na jami'a.

Tsofaffin malaman Hakimai da suka riski zamanin haraji da jangali ba su bukatar dogon bayani a nan. Sun san wanda sunansa ba ya cikin littafi, a wurin En'e babu shi. Sun kuma san makiyayin da aka rubuta wa shanu 30 alhali 20 gare shi, jangalin 30 za a nema a wurinsa har sai an gyara littafi. Ka'idar fotal ke nan, ba ragi ba ƙari. Bambancin guda ne, kuma shi ne kan maganar: a da malami ke rubuta talaka, yanzu kuwa ɗalibi shi ke rubuta kansa. Abin da ya shigar shi jami'a za ta bi shi da shi, har ranar da zai karɓi takardar digiri.

SUNA

Kafin a zo kan darussa, akwai aikin da ya shafi ofishin Hakimi kai tsaye, shi ne suna.

Shiga jami'a ta hannun Hukumar JAMB ake yi, wadda aka kafa a 1978. Tun 2017 hukumar ta fito da tsarin CAPS, inda ake nuna wa ɗalibi gurbin da aka ba shi, shi kuma ya karɓa da kansa ko ya ƙi. Gurbin da bai bi ta nan ba hukuma ba ta san da shi ba, mai shi kuma zai sha wuya ranar da ya zo neman zuwa bautar ƙasa. Tun 2021 kuma ba a yi wa kowa rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Saboda haka sunan da ke kan wannan lamba shi ke bin yaro zuwa JAMB, daga JAMB ya bi shi zuwa fotal na jami'a.

To, Bahaushe kuwa mai yawan suna ne. Yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da sunan gari. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. Muhammadu shi ne Mamman, Usman shi ne Shehu. Tun zamanin makarantun Midil aka saba rubuta yaro da sunan garinsu, shi ya sa duniya ta san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗannan sunaye. A cikin gari duk wannan ba ya rikita kowa. Amma na'ura ba ta san Garba da Abubakar mutum ɗaya ba ne. Ba ta ma san Muhammad da Mohammed suna ɗaya ba ne. In takardar sakandare ta zo da wani rubutu, lambar ɗan ƙasa ta zo da wani, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ta zo da na uku, ranar tantancewa za a tsai da yaro a ce ya je ya daidaita. Yana can yana bin kotu da ofisoshi, kwanakin rajista suna tafiya.

Tun da yake a wurare da yawa takardar Hakimi ita ce matakin farko na samun shaidar asali, wajibi ne malamin Hakimi ya daina rubuta suna da ka. Ya nemi yaro ya kawo takardar NIN da sakamakon WAEC ko NECO, ya jera su a gabansa, ya kwafi sunan harafi da harafi, bisa jerin da yake. Haka kuma ranar haihuwa. In ya ga saɓani ya faɗa wa uban tun a nan, ya je ya gyara kafin a kira yaro makaranta. Malamin da ya yi wannan ya fi wanda ya rubuta takardar roƙo goma amfani.

KUƊI

Maganar kuɗi gajera ce. Ɗalibi zai shiga fotal da lambarsa da kalmarsa ta sirri, na'ura ta fitar masa da lissafin abin da ake bin sa da lambar biya tasa shi kaɗai. Da wannan lamba ake biya a banki ko ta waya. Tun da Gwamnatin Tarayya ta tilasta tara kuɗinta cikin asusu guda a 2015, jami'o'inta da yawa suka koma karɓa ta Remita. Jami'a ba ta karɓar kuɗin makaranta ta asusun wani mutum, ko shi wane ne. Duk wanda ya bugo wa uba waya ya ce a tura masa zai ƙarasa rajista, a ɗauke shi ɗan damfara. Bayan an biya, lalle yaro ya koma fotal ya ga ta nuna an biya, domin a jami'o'i da yawa sai ta nuna haka ƙofar zaɓen darussa take buɗewa. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, tun 2024 akwai asusun bashin karatu na NELFUND, wanda ke biyan kuɗin kai tsaye ga makaranta. Shi ma ta intanet ake nema, shi ma yana duba daidaiton suna.

DARUSSA DA NAUYINSU

A nan ne iyaye suka fi ruɗewa. Biyan kuɗi ba shi ne rajista ba. Uba yana riƙe da rasit yana ganin an gama, alhali kuwa rabin aikin ma ba a yi ba.

Karatun jami'a ba kamar na firamare yake ba, inda aji guda ke zama ɗaki guda malamai suna shigowa. Shekara an raba ta zango biyu. A kowane zango ɗalibi zai ɗauki darussa, waɗanda ake kira kwasa-kwasai. Waɗansu na tilas ne, waɗansu na zaɓi, waɗansu kuma ba a yarda a ɗauke su sai an ci wani da ke gabansu tukuna. Kowane kwas yana da lamba, haruffa uku ko huɗu masu nuna sashe, sa'an nan alƙaluma. Alƙalamin farko yana nuna aji, a wurare da yawa kuma na ƙarshe yana nuna zango. Watau 201 da 202 da 301 darussa uku ne daban, ko da haruffansu ɗaya ne. Zamewar yatsa kan alƙalami guda ta isa ta kai yaro ajin da ba nasa ba.

Kowane kwas kuma yana da nauyi, wanda ake aunawa da yunit. Yunit ɗaya shi ne lacca ta awa ɗaya kowane mako har ƙarshen zango. Bisa ma'aunin da akasarin jami'o'i ke bi daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ba a so ɗalibi ya ɗauki ƙasa da yunit 15 a zango, ba a kuma yarda ya wuce 24.

Ga yadda wannan nauyi yake shiga lissafi, malamai su bi shi da fensir. A akasarin jami'o'i wanda ya ci 70 zuwa sama yana samun maki 5, mai 60 zuwa 69 maki 4, mai 50 zuwa 59 maki 3, haka har ƙasa, wanda ya faɗi kuwa sifiri. Ana ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara duka, a raba da jimlar yunit ɗin da ɗalibi ya yi wa rajista. A ce yaro ya ɗauki yunit 18, ya ci maki 4 a kowane kwas. Jimla 72 ke nan, a raba da 18, ya tashi da 4.00. To, a ce ranar rajista an ƙara masa wani kwas mai yunit 3 bisa kuskure, bai sani ba, bai je laccarsa ba, bai zauna jarrabawarsa ba. Na'ura za ta ba shi sifiri a nan, ta raba 72 da 21, ya dawo 3.43. Digiri mai daraja ta biyu ta sama kuwa daga 3.50 yake farawa. Yaron bai faɗi ko darasi ɗaya da ya karanta ba, amma ga shi jangalin shanun da ba nasa ba ya jawo shi ƙasa.

Ɗaya kuskuren ya fi wannan ciwo. Yaro ya zauna lacca, ya yi gwaji, ya ci jarrabawa da kyau, amma kwas ɗin ba ya cikin rajistarsa. Malamin darasi ya zo shigar da maki, bai ga sunansa ba. Wannan maki ba shi da wurin zama, sai a sake kwas ɗin baɗi.

Sai kuma bashi. Kwas na tilas da ɗalibi ya faɗi bashi ne a kansa, abin da suke kira kariyoba, kuma ka'ida ita ce a fara sa shi cikin rajista kafin sababbi. A ce yaro ya faɗi biyu masu yunit 3 kowanne, sababbin ajinsa kuma sun kai 21. Jimla 27, ta haura 24, tilas a ajiye guda. Wanne za a ajiye? Wannan ba tambayar da mai shagon kwamfuta zai amsa ba ce. In aka ajiye wanda shi ne mabuɗin wani kwas na gaba, baɗi ƙofa biyu za su rufe maimakon ɗaya, karatun shekara 4 ya koma 5. Jami'o'i kuma suna da iyaka: galibi mai karatun shekara 4 ba a barinsa ya wuce 6. Akwai malami da sashe ke naɗawa musamman don kula da kowane aji, shi ne mai wannan shawara. Abin takaici, yaran da suka faɗi su ne suka fi gudunsa, don kunya. Waɗansu ma sukan ɓoye wa iyaye har shekarar da abokansu suka tafi bautar ƙasa su suna nan.

JADAWALI

Zaɓen darussa ba ya cika sai an haɗa shi da jadawalin lacca. Waɗansu jami'o'i shafinsu yana nuna jadawali, har ya gargaɗi ɗalibi in lacca biyu sun faɗo awa ɗaya. A waɗansu kuwa allon sanarwa na tsangaya ake liƙa shi, na'ura ta karɓi duk abin da aka ba ta ba ta ce uffan ba. Ko ta yaya ne, ya kamata ɗalibi ya ja layuka a takarda, ranaku a gefe, awoyi a sama, ya zuba darussansa ya gani da idonsa kafin ya danna aikawa. Mai kariyoba ya fi kowa bukatar haka, domin jadawali don masu tafiya daidai ake tsara shi, ba wanda ya tuna da mai bin aji biyu. Jami'o'i da yawa kuma ba su barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci, mutum kuwa ba ya zama ɗaki biyu lokaci guda.

Akwai karon da ko takarda ba ta nunawa. Jami'ar Bayero tana da tsohon matsuguni da sabo a hanyar Gwarzo, Jami'ar Ahmadu Bello tana da Samaru da Kongo. Lacca ta tashi ƙarfe 10 a wannan gefe, wata ta fara ƙarfe 10 a wancan, a rubuce ba su haɗu ba, amma a ƙafa sun haɗu. Matar aure mai goyo, da ɗalibin da ke kwana cikin gari, su ma su lissafa tafiyarsu sa'ad da suke ɗaukar darussan zaɓi.

SHAGON KWAMFUTA DA KALMAR SIRRI

Yaran karkara da yawa ba su da kwamfuta, layin waya kuma a ƙauye ba ya ɗaukar nauyin fotal. Don haka suke zuwa shagunan da ke bakin ƙofar jami'a. Ba laifi a cikin wannan, masu shagunan nan sana'arsu suke yi, akwai masu amana a cikinsu. Laifin yana wurin yaron da zai miƙa lambarsa da kalmarsa ta sirri, ya ce zai je ya ci abinci ya dawo. Mai shago yana da mutum hamsin a layi. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya kwafi jerin wanda ya gabata, ba ruwansa da ko wannan yana da bashi, ko sashensu ɗaya. Jerin wa ko na ɗan gari da ya gama bara ma ba abin dogaro ba ne, gama a watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, darussa da lambobinsu suka sake a wurare da yawa.

Saboda haka yaro ya samo jerin daga sashensu, ya zauna kusa da mai shago, ya karanta allo layi-layi, ya kuma danna kalmar sirri da yatsansa. Kalmar sirri hatimi ce. Ba Hakimin da zai bar hatiminsa a rumfar kasuwa ya ce zai dawo da la'asar. Lambar waya da adireshin imel da za a sa su zama nasa na kansa, waɗanda zai riƙe har ya gama, domin ta nan ake aiko da sabuwar kalma in ya manta, ta nan kuma wani zai iya shiga da sunansa.

Bayan aikawa sai a buga fam ɗin a takarda, a kai wa malami mai kula da aji da Shugaban Sashe su sa hannu, a miƙa kwafi inda aka ce, ɗalibi ya riƙe nasa. Akan kuma ba da 'yan kwanaki na ƙari da ragi, inda ake iya cire kwas ko a sa wani. Cikin waɗannan kwanaki gyara kyauta ne ko kusa da kyauta. In sun wuce, alƙalami ya bushe, sai dai doguwar takardar koke da za ta bi ta sashe da tsangaya, ba kuwa tabbas.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

Ba a nemi Hakimi ya koyi kwamfuta ba. Abin da ake roƙo shi ne ya yi amfani da bakinsa, wanda talakawa ke ji fiye da na kowa.

A sanar ta hannun Dagatai da limamai, ranar Juma'a da ranar kasuwa, cewa fotal tana da ranar buɗewa da ranar rufewa. Wanda ya makara akan ci shi tara, wanda ya wuce wa'adin makara kuwa yana iya rasa zangon ko shekarar baki ɗaya. Kada kowa ya dogara da kwanan watan bara. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022 ya hargitsa kalandar makarantu da yawa, kowace jami'a kuma ita ke tsai da ranakunta. Iyayen da ke jiran kaka, ko jiran tallafin karatu na jiha, su nemi sanin ranar tun da wuri su yi tanadi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a tsare yaro a gona ko a ɗaurin aure makon rajista da cewa ai lacca ba ta kankama ba.

Uban da ba ya karatun boko yana da hanyar bincike mai sauƙi. Kowane zango ya ce ɗansa ko 'yarsa su kawo masa takardu uku: rasit na biya, da fam ɗin darussa mai sa hannun malamai, da sakamakon zangon da ya wuce. Ya kai su ofishin Hakimi, malami ya aza fam ɗin bara kusa da sakamakon bara ya duba ko darussan sun yi daidai ɗaya bayan ɗaya, ya kuma duba ko abin da aka faɗi ya shiga rajistar bana. In ya ga kwas a wannan takarda babu shi a waccan, ya sa yaro ya koma wurin malamin ajinsu cikin makon nan, da kwafin takardun a hannu. Na asali kuwa a mayar wa uban, ya sa su cikin akwati tare da takardar gona, har yaro ya karɓi digirinsa.